Maigatari: Ana Ta Sa Hannu A Takarda, Mu Muna Ta Sayar Da Ɗanye

Yau ba rigimar kujera zan taɓo ba, maganar abincinmu ce.

Tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa yankin ciniki maras shinge na Maigatari. Manufar a fili take: a shigo da injina ba tare da nauyin haraji ba, a sarrafa amfanin gonarmu a nan, a fitar da shi Nijar da sauran duniya. Yaron da aka haifa a wannan shekara yau magidanci ne. Ku tambaye shi ko ya taɓa karɓar albashi a wata masana'anta a wurin. Mafi yawa za su ce maka suna Kano ko Legas suna acaɓa da ga-ruwa.

A tsawon wannan lokaci duniya ba ta tsaya jiranmu ba. A Yulin 2019, a birnin Yamai, Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, aka ce ciniki ya fara a ranar 1 ga Janairun 2021. An amince za a janye haraji a hankali kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Tun Maris ɗin 2021 kuma 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantar Hukumar Ciniki ta Duniya a Geneva. Duk mun yi murna. To amma me ya iso Gumel?

Ku duba fa. Wata guda bayan sa hannun Yamai, a Agustan 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis a Maigatari ya san abin da rufewar nan ta yi wa dillalai, da direbobi, da masu sayar da abinci. Wane mai kuɗi ne zai kafa masana'anta a bakin ƙofar da ake rufewa ba sallama? Mu da mutanen Damagaram auratayya muke, amma in manya sun yi faɗa, mu ake fara datse wa hanya.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. Jigawa na sahun gaba wajen noman riɗi da zoɓo, ga kuma ƙaro. Manomin Sule Tankarkar da na Gagarawa ya sha rana, ɗan kasuwa ya saya a buhu, a loda zuwa Legas. Can waje ake matse mai, a zuba a kwalba, a ci ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kasuwar waje ba ta da sani ba sabo: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. Idan ba mu da wurin gwada kaya da tsabtace su a kusa da manomi, yarjejeniya dubu ba za ta sayar mana da buhu ɗaya da daraja ba.

Shi ya sa nake cewa ci gaba mai ɗorewa ba a taron otal yake ba. Itacen dakwara da ke ba da ƙaro shi ne kuma ke tare hamada. Ranar da manomi ya ga ƙaro na kawo masa kuɗin kirki, ba sai an roƙe shi ya dasa ba, kuma ba zai sare ya yi gawayi ba.

Ga abin da mu a wannan ɓangare muke nema daga duk mai neman ƙuri'armu, tun daga kansila har sanata. Na ɗaya, wutar lantarki tsayayya a yankin cinikin Maigatari, ko da ta hasken rana ce. Na biyu, cibiyar gwajin kaya da injinan tace riɗi da zoɓo. Na uku, a gaya wa Abuja cewa layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura ya bi, bai zo mana ba, don haka a gyara mana hanyar da za ta kai kayanmu ga jirgi. Na huɗu, wakilanmu su tsaya kai da fata kada a sake rufe iyaka ba tare da jin ta bakin mazauna iyakar ba. Na biyar, duk kamfanin da zai karɓi fili, a yi da yardar manoma, a biya diyya ta gaskiya, a rubuta adadin 'ya'yanmu da zai ɗauka aiki.

Na san 'yan amshin shata za su ce muna tona asirin gida. A'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jam'iyyar da ba ta iya jin gaskiya daga matasanta, za ta ji ta a akwatin zaɓe.

Ɗan takara ya zo da taliya da atamfa, ku tambaye shi: ina shirinka kan Maigatari, kuma yaushe? In ya fara kame-kame, kun ga amsa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu kishinmu, Ya zaunar da iyakarmu lafiya. Ku yaɗa, ku kuma faɗi ra'ayinku.