Sharhi: Lasisin Tuƙi Amana Ce

Sharhinmu na yau zai duba hukumar ba da lasisin tuƙi da rajistar motoci ta Ghana, wato DVLA.

Da asuba, kafin shaguna su buɗe, motocin haya na trotro da tasi sun fara tasowa daga unguwannin Nima da Maamobi, su ratsa Kokomlemle zuwa shataletalen Kwame Nkrumah. Da yawa daga cikin direbobin nan 'ya'yan Zango ne, kuma babu wanda doka ta yarda ya riƙe sitiyari sai da izinin wannan hukuma.

An kafa ta a shekarar 1999 bisa doka mai lamba 569, ta gaji tsohon sashen duba motoci da ake kira VELD. Dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojin 2012 suka ƙara fayyace aikinta: ta gwada idon mai neman lasisi, ta jarraba saninsa da iya tuƙinsa, ta yi wa mota rajista, ta ba ta lamba, fara ga motar gida, rawaya ga ta haya. Motar gida sau ɗaya ake duba lafiyarta a shekara, ta haya kuwa duk wata shida, domin ita ke yini tana ɗaukar rayukan jama'a. Lasisin ma aji-aji ne, na mai babur daban, na mai tirela daban.

To amma ina gizo ke saƙar? Dillalan da ke shawagi a bakin ofisoshi, suna cewa kawo kuɗi a sama maka takarda ba gwaji. Hukumar da kanta ta sha jan kunnen jama'a a kansu. Wanda ya sayi takardar lafiyar mota alhali birkinsa ya mutu, ba hukuma ya cuta ba. Ya cuci uwar da ta shiga motarsa da goyo, da ɗalibin da ke tsallaka titin Nima.

Don haka muna kira ga iyayen gida a tashoshi, kada su miƙa wa yaron mota makulli sai ya ci jarrabawa da guminsa. Limamai su faɗakar a huɗuba. Ita kuma hukumar ta rage dogon layi, ta yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, domin jinkiri da rashin sani ne ke ciyar da dillali.

Allah Ya kiyaye hanya. A huta lafiya.