Ba a Yabon Ɗan Kuturu: Batirin Yumɓu da Masu Gaggawar Shela

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a fagen binciken batirin yumɓu mai zafi, na'urar da ke haɗa haidirojin da iskar oksijin ta fitar da lantarki ba tare da an kunna wuta ba. Da zarar mai bincike ya haɗa sabon sinadari, ya gwada shi na 'yan sa'o'i a faifan da bai wuce girman kwabo ba, sai a buga ganga cewa an warware matsala. Wannan shela yaudara ce, kuma ta cancanci suka.

Batirin yana da fuska biyu, ta makamashi da ta iska, da shamakin yumɓu a tsakani, galibi zirkoniya da aka gauraya da itiriya. A fuskar iska, dole oksijin ya manne, ƙwayarsa ta rabu biyu, ta karɓi ilektiron huɗu, sannan kowane rabi ya sami gurbi a cikin yumɓun ya ratsa zuwa ɗaya fuskar. A zafin digiri 1000 na Salshiyas wannan tafiya ba ta da wuya. Amma irin wannan zafi yana cin kayan aiki, yana cin kuɗi, shi ya sa ake son saukowa zuwa 600 ko 700. To, a nan gizo ke saƙa: idan zafi ya ragu, karɓar oksijin ta fi kowane mataki yin nawa. Ana iya sirantar da shamaki don a gajarta hanya, amma sirantawa ba ta buɗe ƙofar shiga.

Tsohon sinadarin LSM yana da juriya, sai dai ba ya karɓar oksijin sosai sai a siririn layin da iska da fuska da shamaki suka haɗu. Aka koma ga irin su LSCF, waɗanda jikinsu duka ƙofa ce. A 2004 Zongping Shao da Sossina Haile suka gabatar da BSCF a mujallar Nature, saurinsa ya ba kowa mamaki. Daga baya bincike ya nuna cewa tsarin ƙwayoyinsa yana sauyawa idan ya daɗe a matsakaicin zafi, kuma iskar kabon da ke cikin sarari tana lalata fuskarsa. Laifin ba na masu ganowa ba ne. Na waɗanda suka ɗauki awon ranar farko tamkar hukuncin ƙarshe ne.

Shi ma LSCF bai tsira ba. Sitirontiyam da ke cikinsa yana tasowa sannu a hankali ya toshe saman, sannan tururin kuromiyam daga farantan ƙarfen da ke haɗa batiran yana sauka daidai inda oksijin ke shiga. Duk wannan ba ya bayyana cikin mako guda.

Masu kare gaggawa za su ce gwaji mai tsawo yana da tsada, kuma ɗalibi ba zai jira shekaru kafin ya rubuta kundinsa ba. Hujjar tana da nauyi, amma ba ta halatta kiran alkawari nasara ba. Cibiyar bincike ta Jülich a Jamus ta kunna jerin batira a 2007 a zafin digiri 700, ba ta kashe ba sai a 2019. Wannan shi ne shaida.

Abin da masana'antu ke nema daga batirin da aka girka shi ne aƙalla sa'o'i 40,000, wato kusan shekara huɗu da rabi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Duk rahoton da ya faɗi saurin sinadari, ya yi shiru kan yawan raguwarsa a kowace sa'a 1000, rabin labari ya bayar, kuma rabin da ya ɓoye shi ne wanda mai saye zai biya.