Wa ke sa wa kocin unguwa ido?

Babu unguwar da ba ta da shi, a Kano ne ko Kaduna ko Jos. Bayan la'asar za ka same shi a filin firamare, usur a wuya, buhun jesi ɗaure a bayan babur, yara talatin ko arba'in sun kewaye shi cikin ƙura. Ba wanda yake biyansa albashi. Sau da yawa daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan leda, shi ke biyan kuɗin rajistar gasa, shi ke neman bas ranar wasan waje. Da yawansu sun raba yara da daba da shaye-shaye fiye da duk wani kwamiti da gwamnati ta taɓa kafawa, don haka ban zo cin fuskarsu ba.

Amma a dubi irin ikon da ke hannun mutumin nan. Shi ke cewa wane zai shiga fili, wane zai ɗumama benci. Katin ɗan wasa yana wurinsa, wani lokaci har da fasfo. Shi ne ya san "mai kai yara waje". Yaro ɗan shekara 13 da ba shi da wani buri sai ya zama Ahmed Musa zai iya yi wa ubansa gardama, amma bakinsa ba zai iya ce wa koci a'a ba. Duk da haka, wanda ya sayi usur da ƙwallo biyu yau, gobe sunansa koci. Ba mai tambayarsa daga ina ya fito, ko me ya raba shi da kulob ɗin da ya bari.

Ingila ta yi irin wannan sakacin, kuma ta ji a jikinta. A watan Nuwamban 2016 wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, yana da shekara 43, ya fito a jaridar Guardian ya faɗi abin da ya ɓoye shekara da shekaru: kocinsa na ƙuruciya a Crewe Alexandra, Barry Bennell, ya daɗe yana lalata da shi. Kafin a ce me, sai ga manyan mutane masu iyali suna ta fitowa, kowa da labarin nasa kocin. A 2018 kotu ta yanke wa Bennell ɗaurin shekara 30, kuma a kurkuku ya mutu. Binciken da lauya Clive Sheldon ya jagoranta, wanda aka fitar a 2021, ya duba tsakanin 1970 da 2005, ya ambaci aƙalla mutum 240 da ake zargi da yara 692 da aka cuta, ya kuma ɗora wa hukumar ƙwallon Ingila laifin jan ƙafa wajen kafa matakan kariya.

Abin lura a labarin Bennell shi ne ba a ganinsa a matsayin ɗan iska. Gwani ne wajen gano yaro mai ƙafa, yana da hanya da Manchester City, iyaye suna alfahari idan ya zaɓi ɗansu. Gidansa cike yake da kayan wasa, yara suna kwana can a ƙarshen mako da yardar iyayensu. Kirkin nasa da gwanintar tasa su ne tarkon. Mai wannan hali ba ya zuwa da fuskar mugu. Shi ne mai saya wa yaro takalmin ƙwallo, mai ba shi kuɗin mota, mai zuwa gaishe da mahaifiyarsa idan ba ta da lafiya.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai halin Turawa ne, mu muna da addini da tarbiyya. To Gabon fa? A ƙarshen 2021 aka kama Patrick Assoumou Eyi, wanda ake yi wa laƙabi da Capello, tsohon kocin ƙungiyar ƙasar ta 'yan ƙasa da shekara 17, bisa zargin lalata da yaran da ke neman gurbi a hannunsa, daga baya kuma FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada. Duk inda aka tara yara masu buri a hannun mutum ɗaya, ba mai leƙawa, ƙofar a buɗe take, ko da wane yare ake yi a ƙasar. Mu kuma muna da ƙarin wani abu da ke taimakon mai laifi, wato rufin asiri. Idan magana ta fito, abin da za ka fara ji shi ne "kar a ɓata wa yaro suna", "a kashe ta a cikin gida", "a bar wa Allah". Sai a kori mutumin a asirce, ya tsallaka unguwa ta gaba da usur ɗinsa. Yaro namiji kuwa, da ya faɗa a riƙa nuna shi a majalisa, gara ya haɗiye ya ce ƙwallon ce ta fita daga ransa. Shirun da muke ji ba shaidar lafiya ba ce.

Sannan ga ejan, wato mai kai yara waje. Shi nasa cin amanar da takarda yake zuwa: wasiƙar gayyata mai tambarin wani kulob, a kawo kuɗin biza da na jirgi. A sayar da gona ko fili, a yi addu'a, a raka yaro tasha. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 'yan Afirka ta Yamma da ba su kai shekara 18 ba zuwa kulob ɗin Champasak United a ƙasar Lawos da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare da kwana a ƙasa cikin wani ɗaki a filin wasa. Alhali doka ta 19 a ƙa'idojin musayar 'yan wasa na FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019. Shi kansa Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da Kano Pillars, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Idan gwarzon gasar ƙasa ya jira, wane ne wannan da zai fitar da ɗanka ɗan shekara 15 a wata mai zuwa?

Ba dokoki muka rasa ba. Akwai dokar haƙƙin yara ta 2003, akwai rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa da aka buɗe a 2019 a ƙarƙashin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, a shekarar ce kuma FIFA ta fitar da shirinta na kare yara mai suna FIFA Guardians. Duk suna nan a takarda, ba su iso filin firamare ba. Waɗanda za su iya kawo su su ne hukumomin ƙwallo na jihohi da masu shirya gasa, domin su ke riƙe da abin da kowane koci yake so: damar shiga gasa. Kulob ɗin da zai buga Kofin Ramat ko gasar ƙaramar hukuma, a ce sai an san kocinsa da suna da adireshi, mai unguwa da iyaye biyu sun tsaya masa. A rubuta ƙarara cewa yaro ba ya kwana a ɗakin koci, ko a sansanin atisaye ne ko a wasan waje, kuma ba a tafiya da yara sai da manya aƙalla biyu. Ƙungiyar 'yan mata kada ta motsa ba tare da babbar mace ba. Fasfo da takardar haihuwa su zauna a hannun iyaye. A kuma samu wani mutum, wanda ba abokin kocin ba, da yaro zai iya kai wa ƙara ba tare da ya rasa jesinsa ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar kasafin kuɗi.

Kocin kirki ba zai ji haushi ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ƙa'idar tana kare shi daga ƙazafi. Wanda ya tada jijiyar wuya don an ce yaro ba zai kwana a ɗakinsa ba, ya riga ya ba ka amsa.

Ku kuma iyaye, musamman mu maza, kada mu jira hukuma. A wannan makon ka je filin da kanka, ka tsaya har a tashi, ku gaisa da kocin, ka karɓi lambarsa, ya san yaron nan yana da mai bibiyarsa. Idan ɗanka da ba ya iya cin abinci sai ya je atisaye ya wayi gari yana ƙin zuwa, kar ka ce lalaci ne. Ka zaunar da shi ku biyu ka tambaye shi, kuma idan ya faɗa maka abin da ba ka so ji ba, ka yarda da shi, ka kai maganar gaban hukuma.