Daga POS zuwa sola: Sana'o'in da fasaha za ta ɗaga da waɗanda za ta rage wa kasuwa a Gyadi-Gyadi da Tarauni

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya jefa ƙasar nan cikin ƙarancin kuɗi, babu wanda ya kai mai POS daraja a bakin titin Zariya. Masu jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da 'yan kasuwar Tarauni duk sun dogara ne ga matashin da ke zaune a ƙarƙashin lema.

Sai dai wannan wahalar ce ta koya wa mai shayi da mai nama da direban adaidaita sahu buɗe asusu a OPay ko Moniepoint. A yau, duk cinikin da aka biya ta waya lada ne da ya kuɓuce wa mai POS, domin abincinsa na ga masu neman tsabar kuɗi. A Disambar 2024 kuma Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade naira dubu 100 a matsayin abin da mutum zai iya cira a rana a hannun waɗannan wakilai.

Darasin a fili yake: fasaha kan haifar da sana'ar ɗan tsakani, sannan ta janye ta da zarar jama'a sun iya aikin da kansu. Na gaba a layi su ne masu shagunan buga takardu da cike fom, irin waɗanda ake samu a kusa da kotuna da makarantu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kamar ChatGPT suna rubuta takardar neman aiki cikin daƙiƙoƙi, kuma Hausarsu na ƙara gyaruwa. A Satumbar 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wanda aka horar da shi da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ranar da wanda bai yi boko ba zai faɗa wa wayarsa buƙatarsa da baki ta rubuta masa, mai shagon zai rasa babban abokin cinikinsa.

Aikin da ke buƙatar hannu da ido kuwa kasuwarsa buɗewa take yi. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, matasa da yawa sun koyi gyara a gaban iyayen gidansu, ba tare da shaidar wata makaranta ba. Matuƙar waya ta zama banki da ofis, mai gyaranta ba zai rasa abin sawa a baki ba. Haka nan mai haɗa sola. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janareta ya gagari talaka, ƙarin kuɗin wuta ga rukunin A a Afrilun 2024 ya kai kowane kilowat naira 225, sannan lalacewar manyan layukan lantarki a Oktoban 2024 ta bar Arewa kwanaki cikin duhu. Kowanne daga cikin waɗannan ya tura sababbin masu saye wurin masu faranti da batir.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Gobarar da ta ci shaguna a Farm Centre ranar Babbar Sallah, a Yunin 2025, ta nuna yadda jarin shekaru ke zama toka a yini guda idan babu inshora. Ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025 shi ma ya tsaurara hanya ga mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya rage ga gwamnatin Kano da majalisar Tarauni shi ne su yi shiri tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke buɗe ƙofar samar wa kasuwanni wutar sola ta bai-ɗaya. Ana kuma buƙatar bai wa masu koyon gyara shaidar ƙwarewa da za ta kai su ga rance da kwangila. Matashin da ke riƙe da na'urar POS a yau ya san lissafi, ya san jama'a. Horo kawai yake buƙata kafin lemar tasa ta zama wurin shan inuwa kaɗai.