Na Wa Ne Caji Ofis?

A daminar 2022 aka kwance wa kawuna shanun huɗarsa guda biyu daga turke, cikin dare, a bayan gidansa. Kafin rana ta take ya je wurin mai unguwa, ya ga shugaban 'yan banga, ya aika wa sarkin fawa da kamannin shanun, ya kuma tura yara biyu kasuwannin da ke kusa su sa ido. Wuri ɗaya ne bai nufa ba. Ni kuwa a lokacin ina ɗan jami'a, kaina cike da dokoki da sassansu, sai na ce masa, "Kawu, ai kamata ya yi a fara kai rahoto caji ofis." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya kawo wasa wurin zaman makoki, ya ce, "Ɗana, shanu biyu anka ɗauke min. In na tai can, sai in ƙara da tunkiya."

Na nace, ya ba ni dama don kada in ce ya raina bokona. Ba zan faɗi sunan ofishin da na je ba. Na tarar da jami'i ɗaya a kanta, mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe. Daga nan ya ce babu takardar rubuta ƙara sai na sayo, kuma motar sintiri tana nan amma babu mai a cikinta. Na sayo takarda, na ba da kuɗin mai. Shanu dai ba su dawo ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk wanda na ba wa labarin a gari, dariya yake yi mini, ba wanda ya yi mamakin abin da aka yi. An riga an yarda cewa haka abin yake, kamar yadda aka yarda cewa rani da zafi yake zuwa.

Wannan yardar nake so in yi jayayya da ita. Ina da'awar cewa babbar cutar aikin ɗan sanda a karkararmu, daga Tambuwal har Kebbe, ita ce ofishin ba ya jin cewa akwai wani hisabi tsakaninsa da mutanen da yake zaune a cikinsu. Ƙarancin bindiga da mota gaskiya ne, amma rassa ne. Tushen yana cikin amsar tambaya ɗaya: idan baturen 'yan sanda ya gaza, gaban wa zai tsaya ya yi bayani?

Tsarin mulkin 1999 ya amsa tambayar tun a sashe na 214, inda ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya, kuma ba za a kafa wata ba. Baturen 'yan sandan ƙaramar hukuma yana kallon kwamishina a Sakkwato, kwamishina yana kallon Sufeto-Janar a Abuja. Ko gwamna, da ake yi wa kirari da babban jami'in tsaron jiha, idan ya ba kwamishina umarni, sashe na 215 ya ba kwamishinan damar cewa a fara miƙa maganar ga shugaban ƙasa. To idan wannan ne matsayin gwamna, ina matsayin manomin Kuchi ko mai sayar da albasa a Dogon Daji? Ba shi da hannu a kawo jami'in, ba shi da baki a ɗauke shi. Jami'in kuma ya san da haka. Ya san cewa ƙarin girma ba daga bakin mutanen Sanyinna zai fito ba, kuma kafin ya san hanyar da ta bi ta bayan Jabo wataƙila takardar canjin wurin aiki ta iso. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ba a kuwa shuka da raɓa.

A Amurka akwai wani muƙami da ake kira sherif, wato shugaban jami'an tsaron gunduma. A kusan dukkan jihohin ƙasar, mutanen gundumar ne suke zaɓensa da ƙuri'a, galibi na shekara huɗu. Shi ke sintiri a ƙauyukan da ba su da 'yan sandan birni, shi ke kula da gidan wakafin gunduma, shi ke isar da sammacin kotu. Saboda ya san zai dawo neman ƙuri'a, sai ka ga ofishinsa yana shiga makarantu, yana shirya tarurruka da maƙwabta, yana leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ban kawo wannan don in ce mu kwafo shi ba. Zaɓe ba ya wanke zalunci: Jim Clark, wanda ya jagoranci dukan baƙaƙen fata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a a garin Selma a 1965, zaɓaɓɓen sherif ne, kuma ya yi abin da masu zaɓensa ke so. Mu ma da muka san yadda ake sayen ƙuri'a da taliya da sabulu, mun san abin da zai faru idan aka sa kujerar mai bindiga a kasuwa. Abin da na ɗauka daga can guda ɗaya ne: jami'in da ya san zai tsaya gaban jama'a ya yi bayani, tafiyarsa ma dabam take.

Dattawanmu za su ce ai mun taɓa yin namu. Haka ne. Kafin Turawa akwai dogarai, a zamanin En'e kuma akwai 'yan doka, 'yan ƙasa da suka san kowane lungu, suna ƙarƙashin sarakuna. Har yau za ka ji tsoho yana cewa a wancan lokaci ɓarawo ba ya kwana biyu a gari ba a san shi ba. Ina girmama wannan tunani, amma ban yarda a ba da rabin labari ba. Waɗannan 'yan dokar ne aka riƙa amfani da su a shekarun 1950 da farkon 1960 wajen kama 'yan NEPU da sauran 'yan hamayya, a ɗaure mutum don ya yi taron siyasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta rushe su, ta narkar da su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. 'Yan doka na kusa da jama'a, amma ba jama'a suke yi wa hisabi ba, fada suke yi wa. Shi ya sa muhawarar da ake yi yanzu kan 'yan sandan jihohi ba ta cika burge ni ba. Idan duk abin da za a yi shi ne a ɗauke ubangida daga Abuja a dawo da shi gidan gwamnati a Sakkwato, mutumin Margai ya sake ubangida ne kawai, har yanzu ba a tambaye shi ba.

Za a ce mini ai akwai shirye-shiryen haɗa 'yan sanda da al'umma. Akwai su kam, a takarda sun fi a ƙirga. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC. A 2004 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin aikin ɗan sanda tare da al'umma a Inugu. A 2020 Shugaba Buhari ya amince da fitar da naira biliyan 13.3 don wannan shiri, aka ɗebi 'yan sandan sa-kai aka ba su kaki, kuma sabuwar dokar 'yan sanda ta wannan shekarar ta tanadi kwamitocin al'umma tun daga jiha har zuwa ƙananan ofisoshi. Ina roƙon mai karatu ya gwada abu ɗaya. Ya shiga kasuwa a kowane ƙauye na yankinmu, ya tsayar da mutum goma, ya tambaye su wane ne ke wakiltarsu a irin wannan kwamiti, yaushe aka yi zama na ƙarshe, me aka yanke. A ganina abin da muka mayar da waɗannan kwamitoci shi ne majalisar masu hali: 'yan kasuwa da 'yan siyasa da ke haɗa kuɗi a yi wa ofis fenti, a sayi taya, a ɗauki hoto. Taimako ne, ban raina ba. Amma wanda ya saya maka taya ba zai tambaye ka dalilin tsare yaro kwana biyar ba tare da an kai shi kotu ba, kai ma ba za ka ƙi amsa kiransa ba ranar da yake rigima da talaka a kan gona. Bafulatanin ruga ba ya cikin zaman, matar da mijinta ya kumbura wa fuska ba ta ciki, ɗan acaɓan da ake tarewa kullum a shinge shi ma ba ya ciki, alhali su ne suka fi kowa sanin ƙofar caji ofis.

Wannan rashin amana yana da farashi, kuma da jini ake biyansa. Ƙauyukan Kebbe da ke maƙwabtaka da dazukan iyakar Zamfara da Kebbi sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan. Kowa ya san ɗan bindiga ba ya shiga gari sai da ɗan gari, mai nuna gida, mai kai mai da burodi daji. Kuma kowa ya san cewa a ƙauye ba a ɓoye irin wannan mutum. An san wanda ba ya noma ba ya kasuwa amma ya sayi sabon babur. Me ya sa ba a faɗa? Saboda mai faɗa yana tsoron kafin ya isa gida sunansa ya riga shi isa daji, ko kuwa a kama mutumin yau, gobe a gan shi a majalisa yana shan shayi. Labarin da zai ceci gari yana nan a bakin mutane, sun rufe shi da haƙora. Babu jirgin yaƙin da zai ciro shi.

Da jama'a suka gaji sai suka ɗauki doka a hannunsu, aka sami 'yan sa-kai. An ga jarumtarsu, an kuma ga ɓarnarsu, musamman inda aka mayar da kowane mai sanda da rawani abin zargi, aka kashe marar laifi, 'yan'uwansa suka shiga daji da ƙullin ramuwa. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin sa wa abin linzami: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara da Sakkwato suka kafa nasu askarawan a 2024. Mataki ne mai ma'ana. Sai dai tambayar da na fara da ita tana nan tana jiransu su ma: idan askari ya zalunci mutum a Fakku, ina mutumin zai kai kuka, kuma wa zai saurare shi?

Ba na neman a rubuta sabuwar doka. Wadda ake da ita ma ba a taɓa ta ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, amma har gobe ana tafiya da uba idan ba a sami ɗa ba. Ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta ce alƙalin majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane duk wata, ya duba su wa ke ciki da dalilin tsare su. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan kotun na kusa. A bangon kusan kowane caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, kuma ban san wata jimla da aka fi yi wa dariya a ƙasar nan ba. Abin da nake nema shi ne a ƙara abu ɗaya a kan waɗannan: duk wata uku baturen 'yan sanda ya fito fili, a harabar uban ƙasa ko a makarantar firamare, da Hausa, ya faɗi ƙara nawa aka kawo, nawa suka je kotu, mutum nawa suka kwana a bayan kanta, nawa aka turo na mai kuma ina suka shiga. Mata su sami wurin zama, ardo ya sami wurin zama, a rubuta abin da aka ce a aika wa kwamishina. A kuma bar jami'i ya yi shekaru a wuri har ya san mutane su san shi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, babu hujjar da za ta sa mai ƙara ya ci gaba da sayen takarda da man mota. Ƙaramar hukuma ta ɗauki wannan a fili, a rubuce, kowa ya gani.

Kada kuma mu wanke kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke kai ɗan sanda ya karɓo mana bashi, mu ne ke neman alfarma a saki ɗanmu ko da mun san ya yi, mu ne ke miƙa ɗari biyu a shinge tun kafin a tambaya. Kurtun da ke tsaye a rana a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega shi ma ɗan talaka ne, da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, yayin da dubban abokan aikinsa ke riƙe wa manya jaka a birane. Ni kaina da na ba da kuɗin man nan, ban nemi rasiɗi ba, ban kuma kai ƙara ko'ina ba. Na dawo gida na yi shiru kamar kowa.

Kawu ya sayi wasu shanun bayan shekara biyu, da kuɗin gero da gudummawar 'yan'uwa. Yanzu a cikin gida yake ɗaure su, dab da ƙofar ɗakinsa, yana kwana da fitila da gora a gefen shimfiɗa. Kwanan baya na karanta masa wannan rubutu. Ya saurara har na kai wurin taron wata uku, sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, in an yi taron, mu za a bari mu yi magana, ko sai masu manyan riguna?" Na ce masa abin da nake faɗa ke nan. Ya ce, "Ka rubuta shi da kyau, su gani." Ya tashi ya tafi zuba wa shanunsa harawa.