Wasiƙar Banki Ko Tarkon Ɓarawo?

'Yan'uwa mazauna Sabo a Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Ikko, da sauran zangunan kudu, akwai wata wasiƙa da ke yawo a wayoyin jama'a wadda ya kamata mu yi magana a kanta. Takan zo ta imel da tambarin banki, ta ce za a rufe asusunka yau ɗin nan in ba ka latsa wani shuɗin rubutu ka tabbatar da bayananka ba.

Dalilin da ya sa mutane ke faɗawa shi ne ƙaryar ta jingina da gaskiya. Tun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, kuma a Disamba 2023 ya umurci bankuna su haɗa asusu da BVN ko NIN. To, mai sayar da albasa ko shanu da ya ji wannan a rediyo, in wasiƙa ta zo sai ya ɗauka ita ce. Yana latsawa sai a kai shi wani shafi mai kama da na bankinsa, alhali na macuta ne. Duk abin da ya rubuta, a hannunsu yake sauka.

Ra'ayinmu shi ne kada ka shiga banki ta ƙofar da aka aiko maka. Shiga ta wadda ka sani: manhajar bankin da ke wayarka, ko lambar da ke bayan katinka, ko kuwa ka taka da ƙafarka zuwa reshe. Banki ba ya tambayar lambar sirrin kati ta imel, haka nan lambar nan da yakan turo a waya don biya ɗaya tak. Wanda ya nema, ɓarawo ne. In kuwa ba ka karatun boko, kada ka miƙa wa kowane yaro wayarka ya cike maka.

Idan an riga an latsa, a kira banki nan take a toshe katin, a sake lambar sirri, a kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Kunya ba ta dawo da kuɗi.

Muna roƙon sarakunan Hausawa da limamai su faɗakar da jama'a, domin kuɗin nan guzurin iyali ne a gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.