An naɗa Hausa sarauta, amma har yanzu tana bakin ƙofar biro: darasin Belarus ga Magariya da Dungas



Ranar 26 ga watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, kuma a cikinsa aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Kun tuna yadda shafukanmu suka cika da murna a lokacin. Ni ma na yi murna, kuma har gobe ina ganin mataki ne da ya dace. Sai dai akwai tambayar da nake so mu yi wa kanmu tsakani da Allah. Manomin Waca da zai jinginar da gonarsa, ko uwar da ta ɗauko yaro daga Dogo-Dogo zuwa likita, me ya canza musu tun daga ranar? Takardar da ake miƙo musu su dangwala yatsa, da wane harshe take?

Don mu gane nauyin wannan tambaya, bari in kai ku wata ƙasa mai nisa da ba mu cika jin sunanta ba sai a labaran yaƙin Yukiren, wato Belarus.

Belarus ƙasa ce a gabashin Turai mai mutane wajen miliyan 9. Kamar Nijar, ba ta da teku. Tana iyaka da Rasha, Yukiren, Folan, Lituweniya da Latbiya, kuma kusan komai na rayuwarta a ɗaure yake da babbar maƙwabciyarta Rasha: man fetur, gas, kasuwa, talabijin. Mutanenta manoman dankalin Turawa ne na gasken gaske, suna ƙera tarakta, suna haƙo takin zamani suna sayar wa duniya. Suna da harshensu na kansu, Belarusanci, wanda yake ɗan uwan Rashanci ne amma ba shi ba ne. Kuma suna da tsohon tarihin rubutu, domin tun 1517 wani ɗan ƙasarsu, Skaryna, ya fara buga littafi da injin ɗab'i.

A 1990, ana dab da rushewar Tarayyar Sobiyet, majalisarsu ta yi doka ta ce Belarusanci shi ne harshen hukuma. Aka yi ta murna, irin wadda muka yi. Aka fara buɗe azuzuwa da harshen gida. A 1994 Lukashenko ya hau mulki, kuma a watan Mayun 1995 ya kira ƙuri'ar raba gardama wadda ta ba Rashanci matsayi daidai da Belarusanci. A takarda babu wanda aka zalunta, harsuna biyu ne kafaɗa da kafaɗa. To amma jami'a da Rashanci take, kotu da Rashanci, neman aiki da Rashanci, shugaban ƙasa ma da shi yake magana. Iyaye suka duba inda tuwo yake, suka tura ƴaƴansu can. A ƙidayar 1999 kusan kashi 37 cikin ɗari na jama'a ne suka ce da Belarusanci suke magana a gida. A ƙidayar 2019 sun koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Yau ɗalibi wajen ɗaya cikin goma ne ke karatu da harshen, mafi yawa a ƙauyuka. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin harsunan da ke cikin rauni, alhali sunansa na nan daram cikin tsarin mulki, yana kan allunan tituna da kan kuɗin ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda abin ya shiga zukata. Aka wayi gari ana yi wa harshen kallon maganar ƴan ƙauye. Yaro ya shigo birni sai ya yi ta ƙoƙarin goge shi daga bakinsa don kada a raina shi. Kun san wannan ciwon. Wa bai taɓa ganin wanda ya shiga biro ya yi sallama da Hausa aka bar shi tsaye, wani ya shigo bayansa ya yi gaisuwa da Faransanci aka ba shi kujera ba?

Matasan Belarus ba su naɗe hannu ba. A 2014 wasu suka buɗe darussan kyauta a Minsk, babban birnin ƙasar, da sunan Mova Nanova, ma'ana harshe daga sabo. Da yamma ake haɗuwa, ana koyo ana raha, kuma abin ya bazu zuwa wasu birane. Sai zaɓen 9 ga Agustan 2020 ya zo, dubban jama'a suka fito tituna suna cewa an yi maguɗi, hukuma ta murƙushe su da kame da ɗauri. A 2021 aka bi ƙungiyoyin farar hula ɗaya bayan ɗaya ana rufewa, har da waɗannan darussan, har da tsohuwar ƙungiyar kare harshen Belarusanci mai ɗauke da sunan Skaryna. Ales Bialiatski, wanda ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Viasna a 1996, yana gidan kaso aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2022.

Na san wani zai ce, haba malam, ina Hausa ina wannan? Hausa ai ba ta mutuwa. Gaskiyarka. Je ka kasuwar Magariya, ko ka bi ƴan Dungas ranar Alhamis zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari, ko ka tsaya iyakar Tinkim ka saurara. Da Hausa ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake sulhu, ko da sefa aka biya ko da naira. Wa'azi da Hausa, fim ɗin Kano da Hausa, saƙon murya na WhatsApp da Hausa. Wannan yanki ne na tsoffin ƙasashen Tsotsebaki, irin su Dungas da Waca, kuma sarautar Magariya tana da jibi da gidan Daura. Miliyoyin mutane ke magana da harshen nan daga Agadas har Kumasi. Ba na jin tsoron ya ɓace. Tsorona kashi uku ne, kuma duk ukun Belarus ta nuna mana su.

Na farko: a ba harshe rawani a hana shi aiki. Ku duba harkar gona kawai. Magariya da Dungas suna cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar nan, gona ta yi kaɗan, gado ya yi yawa. Tun 1993 muke da dokar karkara, da kwamitocin filaye da ke ba da shaidar saye, aro, kyauta ko jingina. Tsari ne mai kyau. Amma takardar da Faransanci take. Dattijo ya yi magana da Hausa a gaban mai gari da shaidu, wani ya rubuta da harshen da dattijon ba ya ji, ya dangwala yatsa ya tafi. Bayan shekara goma ƴaƴansa su zo fansar gona a ce musu ai sayarwa ce, ba jingina ba. Kalma ɗaya ce tsakanin mutum da gadon ubansa. Haka abin yake a kotu: mai ƙara Bahaushe, wanda ake ƙara Bahaushe, sau da yawa alƙalin ma yana jin Hausa sarai, amma hukuncin da za a ba su su riƙe, sai sun nemi ɗan lakwal ya karanta musu.

Ku zo ga lafiya. Tun 2005 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a Magariya saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro da ke kwasar yara duk damina. Uwa ta fito da katin yaro da takardar magani, an yi mata bayani da baki cikin hayaniya, ta koma ƙauye. Cokali nawa aka ce? Sau nawa a yini? Ko akwai mai karatun allo a gidan, ko ɗan da ya yi yaƙi da jahilci, takardar ba ta yi masa magana. A nan maganar harshe ta wuce ta alfahari, ta zama maganar rai.

Kuma kada mu manta, ba yau muka fara jin alkawari ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Zengu a nan Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu gurbi a makaranta. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Yau shekara hamsin da ɗoriya, wanda ya shiga aji ɗaya a Zengu ya yi jikoki, amma yaron Guci ko Yekuwa har yanzu ranar farko ta lakwal mushe na tarbarsa da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Gwajin da ya shekara hamsin ai ya daina zama gwaji.

Alhali mun ga abin da ilimi ke yi idan ya bi ta harshen mutane. Gawon da ya rufe gonakin Magariya, Matamaye da Mirya, wanda masana ke zuwa daga ƙasashen duniya su gani, manoma ne suka raine shi tun daga shekarun 1980, wannan ya koya wa wancan, har aka yi wa abin suna da Hausa: sassaben zamani. Da a ce sai wanda ya iya Faransanci zai bar tsiron gawo a gonarsa, da yanzu rairayi ya cinye mu.

Tsoro na biyu ya fi ɗaci, don mu ya shafa kai tsaye. A biro Hausa tana matsayin Belarusanci, amma a kasuwa tana matsayin Rashanci. A cikin gundumomin nan biyu akwai Fulani, akwai Barebari, akwai Buzaye. Nawa ne cikin abokanmu na fada da kakanninsu ke jin Fulatanci ko Barbarci, iyayensu na ji kaɗan-kaɗan, su kuwa ko gaisuwa ba su iya ba? Babu dokar da ta hana su. Kasuwa ce, da makwabtaka, da dariyar da muke yi wa wanda Hausarsa ta karkace. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa ita kaɗai, sauran ya kira su harsunan da ake magana da su a Nijar, kuma mun ji ƙorafin ƴan uwanmu Zabarmawa da wasunsu a kan haka. Ƙorafin nan a saurare shi, kada a mayar da shi abin zagi a Facebook. In har mun ji zafin a tsayar da mu bakin ƙofa saboda harshenmu, bai kamata mu karɓi makulli mu tsayar da wani ba. Bafulatanin da ya kawo ƙarar an cinye burtali yana da haƙƙin a ji shi da Fulatanci, daidai da yadda manomi ke da haƙƙin a ji shi da Hausa.

Na uku: harshe ba ya rayuwa da umarni kaɗai, sai da bakunan da ke da ƴancin magana. A Belarus, ranar da aka rufe ƙungiyoyi da jaridu masu zaman kansu, harshen ya rasa masu yi masa hidima. Mu a nan, tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ma'ana, kansilan da ɗan Bande ko Malawa zai tare a wurin suna ya ce masa me ya sa ba a karanta mana kasafin kuɗin gari da Hausa, babu shi yanzu. Saura wa? Saura gidajen rediyon jama'a, ƙungiyoyin manoma da na mata, malamai, da mu. In aka toshe waɗannan bakunan, Hausa za ta zama harshen da ake ba mu umarni da shi kawai, mu kuwa ba mu da damar mayar da tambaya da shi.

Saboda haka ga abin da muke nema daga hukumomi, daga Yamai har fadar gwamnan Damagaram da kantomomin Magariya da Dungas. Takardun filaye su zama da harshe biyu, a karanta wa mai gona da harshensa kafin ya dangwala. Katin lafiyar yaro da bayanin shan magani su fito da Hausa, da boko da ajami, tunda masu karatun allo sun fi yawa a ƙauyukanmu. Kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma a karanta shi a rediyo da harsunan mutanen wurin. A horar da malamai, a buga littattafai, a faɗa mana shekarar da karatu da harshen uwa zai kai kowace makarantar firamare. A ɗauki tafintoci na gaskiya a kotuna, masu albashi da rantsuwa, na Hausa da Fulatanci da Barbarci da Tamajak.

Mu ma akwai namu. Yawancinmu da muka yi lakwal ba mu iya rubuta harshenmu ba. Muna rubuta shi da ƙa'idar Faransanci, "tch" a wurin c, "ou" a wurin u, ba ƙugiya ko ɗaya, har ƙasa da kasa su zama abu guda. Allon rubutun Hausa yana cikin wayar kowa, kyauta. Kowace fada tana iya ware dare ɗaya a mako, shayi na kan wuta, a koyi ƙa'idar rubutu. Wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffi, ya karanta musu takardun gonarsu tun rigima ba ta taso ba. Wanda kakarsa ke jin Fulatanci ko Barbarci ya kunna waya ya naɗi muryarta tun tana raye. Kuma idan ka shiga biro, yi sallama da harshenka, ka faɗi buƙatarka da shi cikin ladabi. Kundin ƙasa yana bayanka.

Mutanen Belarus sun samu dokarsu a 1990, shekara biyar kacal ta ishi a juya ta, don ba ta riga ta kama ƙasa a makarantu da ma'aikatu ba. Gemun ɗan uwa ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa. Wanda ke Magariya, Dungas ko ƙauyukansu, ya faɗa mana ko akwai takardar hukuma ɗaya da aka taɓa ba shi da Hausa tun Maris na 2025. Za mu tattara amsoshin mu kai su inda ya dace.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.